Ranar da Almu Maƙeri ya tuɓe takalmi a ƙofar gidansa

Duk wanda ya ci kasuwar Buza a shekarun tasa'in ya san Almu Maƙeri, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai faɗin kafaɗa da ke zama a rumfar kara kusa da mahauta, da dutsen washi tsakanin ƙafafunsa da ɗan kaskon ruwa a gefe. Ka miƙa masa wuƙa, ya shafa bakinta da babban yatsa, sai ya gaya maka ta wane gida ce, har da ɓarnar da yara suka yi da ita. Ba ya gani. Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyu ƴan shekaru bayan yunwar tamanin da huɗu.

Ni sunana Elizabet, ƙawar matarsa Cima tun muna ƴan mata muna jan ruwa a rijiya ɗaya. Ita musulma, ni Kirista, kuma wannan bai taɓa hana mu cin tuwo a kwano ɗaya ba. Ina aiki a ɗakin masu ciwon ido na asibitin mishan da ke wajen Madawa. Kada a ɗora mini girma, ni ba likita ba ce. Ni ke wanke ido, in ɗiga magani, in riƙe hannun tsoho in kai shi gado. Amma na ga abin da ya isa in san cewa yanar ido irin ta Almu aikin rabin awa ce. Shi ya sa labarinsa ya daɗe yana ba ni haushi kafin ya fara ba ni tausayi.

Asalin gidansu Ibohamane ne. Kakansa ya yi zamanin da Abzinawa ke da iko da ƙasar, shi ke gyara musu takubba. Almu ya sha faɗa cewa kakan nan bai taɓa rataya takobi a kafaɗarsa ba, don ba a yarda irinsu su rataya ba, amma babu takobin da ya fita yaƙi bai biyo ta hannunsa ba. Kafin ƙira ta iso kan Almu, takobi ya zama kayan ado. Hauya yake ƙerawa da gatari da lauje. Da ya auri Cima ya ƙera mata wuƙar girki mai faɗin yatsa uku, ya yi mata ƙota da icen aduwa, kuma tun daga ranar bai yarda wani ya wasa ta ba sai shi.

Da idanu suka tafi, sai da ya ƙona hannunsa sau biyu kafin ya haƙura da wuta ya koma washi. Abin da washi ke kawowa kuwa ba ya riƙe gida. Ɗansu Illa ya tafi Abijan ci-rani, ya zama sai saƙon gaisuwa. Cima ce ta ɗauki komai. Da damina ita ce a gona. Da rani ta bi matan da ke jidar duwatsu ana jerawa a kan tudu don tare ruwa, ana ba su hatsi da mai. Shekara tara tana haka, Almu na kasuwa yana yabon tuwonta.

A tasa'in da biyar wani saurayi mai suna Faruƙ ya dawo daga Abijan da tele da bidiyo da ɗan gurup mai ba da wuta. Ya kama ɗakin da ke bayan rumfar Almu, ya toshe tagogi da buhuna. Ranar kasuwa tun daga hantsi har la'asar yake nuna fim, ƙarar kuwa har mahauta suna ƙorafi. Cikin kaset-kaset ɗinsa akwai guda da mutane suka fi so, na wasu mayaƙa masu takubba waɗanda mutuwa ba ta ɗauka. A soke mutum ya faɗi, ya tashi ya kakkaɓe riga. Garuruwa su rushe, a gina wasu, su suna nan da ƙuruciyarsu, ko furfura ɗaya babu. Da Faransanci suke magana, amma wa ya damu, faɗan ake kallo.

Bango ɗaya ne tsakanin Almu da tele ɗin, saboda haka duk Buza babu wanda ya kai shi jin fim ɗin nan. Ya haddace shi da kunne. Wata rana da Faruƙ ya fito shan iska, sai Almu ya kira shi.

"Faruƙ, wagga ƙara da nika ji ba ta takobi ba ta. Hwaranti na aka bugawa."

"Haba Baba, takubba na na gaske, har wuta suka yi."

"Shekara nawa kac ce sun yi suna hwaɗa?"

"Dubu, Baba."

"Da takobin nan guda?"

"Da shi."

"To wa ka wasa musu? Yaro, ƙarhen da anka yi shekara dubu ana wasawa ai ya koma allura."

Mahauta suka fashe da dariya. Almu ya ji daɗi, ya ƙara da abin da ya saba faɗa: "Amma rashin tsuhwa, wanga ban musa ba, don ni ma ina da guda gida. Cimata tana nan yadda nis san ta. Ga wushirya, ga gashi baƙi wuluk, ga kumatu." A nan dariyar ta ragu. Mahautan sun san Cima, suna ganinta da dutse a ka, sai kowa ya koma kan namansa.

Faruƙ bai haƙura ba. Ya ce, "Baba, abin da ba ka gani ba, ƙaƙa za ka ƙaryata shi?" Maganar nan ta yi wa Almu zafi. A makon ya aiko mini saƙo da direban motar kasuwa, wai in zo in tafi da shi a yi masa aikin ido, zai nuna wa yaron nan cewa faranti ne.

Na yi murna, na kuma yi mamaki. Shekara uku ina roƙon a kawo shi. Almu kullum cewa yake, duk yadda Cima ta ce. Cima kuwa ba ta taɓa rasa dalili ba. Da damina ta ce a bari a gama noma. Da kaka ta ce a bari a kai hatsi rumbu. Da bazara ta ce zafi zai hana ido warkewa, kamar ita ce ke aiki a asibitin ba ni ba. Na isa Buza a wannan karon da shirin faɗa, kuma na same shi, don ina zama ta fara cewa akuyarta na gab da haihuwa.

Na ce, "Cima, ki ji tsoron Allah! Akuya? Mijinki shina cikin duhu shekara tara, ke kina yi mani zancen akuya?"

Tana tsinke ganyen zogale a faifai. Ta ajiye, ta ɗago kai ta ce, "Zabet, dube ni."

Na ce na san ta tun kafin ta yi haƙori na biyu, me zan duba.

"A'a, dube ni dai."

Na duba, kuma in faɗi gaskiya na daɗe ban dube ta ba. Wushiryar nan da Almu ke yabo babu ita, don haƙoran gaba huɗu sun zube. Kumatu sun faɗa. Ta zame ɗankwali ta nuna mini tsakiyar kanta, inda gammo da dutse suka cinye gashi, sauran kuma fari fat. Shekarunmu ɗaya da ita, amma wanda bai sani ba zai ce yayata ce ta nesa.

Ta ce, "Duk garin ga mutum guda yar rage da ka ganina yadda nike da. In ya kira ni, har ni kaina sai in ji ni ta waccan. Shi kika so ki ɗauke mani."

Duk faɗan da na ɗauko daga Madawa ya zube. Na ji kunya, na ji tausayinta. Amma na ce mata tsare mutum cikin duhu zunubi ne, a wajenmu da wajensu. Ta ce ta sani, kowace salla sai ta nemi gafara. Daga ƙarshe ta yarda, da sharaɗi biyu. Ba za ta bi mu asibiti ba, kuma kada in gaya masa komai. Na yi mata alkawari, wanda har yau nake ganin wautata ce.

Ta aika aka ɗauko mata mahaifiyarta, Inna A'i, daga Ibohamane, wai ta taya ta zaman gida. Ni na san ba don aiki ba ne, tsoro ne ya sa mace mai jikoki neman uwarta. Tsohuwar ta iso da safen da za mu tafi. Almu na jin muryarta ya yi abin da ya saba yi shekara talatin da biyar: ya tuɓe takalmi, ya tsuguna daga nesa, ya juya fuska gefe ya gaishe ta. A wajenmu haka suruki ke yi. Ba ya duban fuskar uwar matarsa, ba ya ci a gabanta, ba ya kama sunan ƴarta tana ji. Ko da ya makance bai daina juya fuskar ba.

Aikin ya yi kyau. Ranar da aka kwance masa ido aka ɗora masa tabarau mai kauri kamar gindin kofin shayi, ni ce abu na farko da ya gani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Zabet, ke ta? Wa ya yi miki haka?" Na ce shekaru ne, kuma in bai yi shiru ba zan mayar masa da bandejin. Muka yi dariya har da likitan. Da ina da hankali, a nan ya kamata in karya alkawarin nan in zaunar da shi in yi masa bayani. Ban yi ba. Shi kuma bai nemi madubi ba, ni ma bai zo mini a rai ba.

A mota bai bar kowa ya huta ba. Yana ta nuna abubuwa yana kiran sunansu, ga raƙumi, ga albasa, ga gawo, kamar yaron da ya fara magana. Haka har muka hango duwatsun Buza. Can ya matso ya ce mini a hankali, "Zancen hwarantin nan duk hujja ta, Zabet. Ita nika so in gani."

Mun sauka bayan azahar. Ya ƙi in riƙe masa hannu, yana ɗaga ƙafa sama-sama don tabarau na sa ƙasa ta yi masa kusa. Muna karyo kwanar gidansu na hango Cima a bakin zaure da ƙwaryar ruwa a hannu. Ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura zanenta na salla. Amma don ta ɓoye kanta sai ta yafa baƙin mayafin Inna A'i. Ko ni da na san ta, abin da na gani shi ne Inna A'i ta shekara goma da suka wuce.

Almu ya tsaya cak tun da sauran taki goma. Ya tuɓe takalmi. Ya tsuguna a cikin rana, ya juya fuska wajen bango.

"Inna, ina wuni. Mun iske ku lahiya? Ya gajiyar zaman gida?"

Cima na tsaye riƙe da ƙwaryar.

Ya ƙara ƙasa da murya, cike da ladabi da ɗoki, ya ce, "Mutanen gida suna ciki?" Matarsa yake tambaya, a gaban matarsa.

Sai muka ji muryar tsohuwa daga cikin ɗaki: "Wa ka gaishe ni can waje, ga ni nan ɗaka?"

Almu ya ɗago kai a hankali. Cima ta tako ta ajiye ƙwaryar a gabansa, ko ɗigo bai zube ba. Ta ce, "Sha ruwa, Maƙeri, ka sha hanya." Muryar ya sani. Kafin ya buɗe baki ta juya ta shige ciki, shi kuwa ya zauna daɓas a ƙasa da takalmi ɗaya a hannu.

Ban koma aiki ba, na aika cewa ina da uzuri. Kwana uku na yi a gidan ina jin haushin kowa, na fi jin haushin kaina. Cima ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. Tuwo na zuwa a kan lokaci, ruwan alwala na zuwa. Sai dai duk inda Almu yake, bayanta ne a wajensa. In ya shigo tsakar gida ta juya ga murhu, in ya zagayo ta tuna da wani abu a ɗaki. Sau biyu ya fara ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ai bai yi laifi ba, abin da ya gani ya gaisar. Inna A'i ta tattara kayanta ta koma ƙauye, tana cewa ita ba ta zo don a riƙa rikita ta da kowa ba. A rana ta biyu Almu ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ce mini in a haka za a zauna, gara yadda yake da. Na ce in ya ƙara cirewa zan ɗaure masa shi da igiya.

Ranar kasuwa Faruƙ ya zo da kansa. Bai san abin da ake ciki ba, yana ta murna, wai ya ajiye wa Baba benci na gaba kyauta. Almu ba ya so, ni na matsa masa ya tashi ko ya sha iska. Na bi su har cikin ɗakin. Mata ba sa shiga, amma a shekaruna wa zai tare ni.

Ɗakin duhu, ga zafi, ga warin zufa. Mayaƙan suka fito da dogayen riguna suna tsalle a kan katanga, takubba na walƙiya. Samari na ihu. Almu ya sunkuyo gaba yana kallo. Ba a kai rabi ba gurup ya yi tari ya mutu, tele ta yi baƙi. Faruƙ ya buɗe ƙofa zai je ya duba, haske ya faɗo kan bencin gaba.

Almu ya nuna gilashin tele ya ce, "Faruƙ, wane tsoho na can cikin akwatin?"

Faruƙ ya leƙa ya yi dariya. "Kai na, Baba."

Almu ya kai hannu ya shafa gemunsa, tsohon cikin gilashi ma ya shafa nasa, fari tas. Ya taɓa ramin kumatunsa. Ya ce, "Ashe. Ni ubana nig gani." Ya miƙe yana neman takalmi.

"Baba, tsaya mana, yanzu za a gyara. Takubban hwa, na gaske na ko?"

"Hwaranti na, yadda nic ce. Ba tsaguwa, ba tabo, ba wanda yat taɓa aiki da su. Mutanen ma haka." Ya fita, kuma bai sake shiga ɗakin nan ba har Faruƙ ya tashi daga Buza.

Mun tarar da Cima a gaban murhu tana yanka kuɓewa, bayanta a wajen ƙofa. Al'adarsu ce kowace ranar kasuwa, in ya gama da wuƙaƙen mutane, tata ce ta ƙarshe. Ya ɗauko dutsensa ya zauna a bayanta ya ce, "Cima, kawo wuƙar." Ta miƙo ta baya ba ta waiwayo ba.

Ya karɓa, ya kai ta kusa da tabarau. Shekara tara yatsunsa na bin bakinta kowane mako, amma yatsa ba ya lura da abin da ke raguwa kaɗan-kaɗan. Wuƙar da ya ƙera mai faɗin yatsa uku ta koma ko yatsa ɗaya ba ta kai ba, tsakiyarta ta lotsa, ƙotar aduwa ta yi sulɓi da shatin hannun Cima. Ya juya ta, ya sake juyawa. Sai na ga hawaye na taruwa a ƙasan gilashin.

Ya ce, "Ni nic cinye ta da hannuna ban sani ba. Ke ma haka, Cima. Ina zaune inuwa ina yabon gashinki, ke kina ƙarewa bisa tudu don in ci. Ba tsuhwarki tab ba ni kunya ba ranan nan. Kaina nij ji ma kunya. Yau na ga huskata, in kin iya kallon wagga shekara tara ba ki gudu ba, ki bar ni in kalli taki."

Miya na tafasa, ni ina tsaye kamar an dasa ni, na rasa ko in fita ko in zauna. Can Cima ta ce, har yanzu bayanta na wajensa, "Wasa ta dai ka ba ni. Tana yanka har yanzu."

Ya sa wuƙar a dutse, amma hannunsa ya ƙi, don hawaye sun ɓata gilashin ba ya ganin komai. Ya ɗaga hannu zai cire. Sai Cima ta juyo. Ta matso ta durƙusa a gabansa, ta zare tabarau daga fuskarsa. A raina na ce shi ke nan, ɓoye shi za ta yi, mu koma inda muka fito.

Ta kama bakin zanenta ta goge gilashin dama, ta hura masa iska ta goge na hagu. Ta ɗaga shi sama ta duba ko da sauran dusashe. Sannan ta zame ɗankwalinta ta ajiye a kan tabarma, ta mayar masa da tabarau, ta gyara masa shi a bayan kunne, ta zauna a inda take.